Kundin Aikin Littafin Cututtuka na Masu Koyon Tausa

13 ga Janairu, 2025

Tsarin littafin ya tsaya yau. Waɗanda nake rubuta wa ɗaliban tausa ne da hannunsu ya fara faɗawa: sun iya bin tsoka daga inda ta taso zuwa inda ta kama ƙashi, sun san nauyin da baya ke ɗauka da wanda wuya ba ya ɗauka. Amma a miƙo musu takardar likita, sai su juya ta gaba da baya su mayar wa mai ita. Littafin zai koya musu karanta irin wannan takarda, ya kuma koya musu gane jikin da bai kamata a taɓa ba, kuma na biyun ya fi tsaya mini a rai. Mai tausa ba ya faɗin sunan cuta, ba ya rubuta magani, kuma ba na son kowa ya fita ajina yana jin kansa ƙaramin likita. Abin da nake nema shi ne, kafin ya zuba mai a tafin hannu ya riga ya yanke ɗaya cikin uku: ya yi tausar gaba ɗaya, ko ya yi amma ya kauce wa wani wuri ya rage nauyin hannu, ko ya ce wa mutum ya sa rigarsa ya nufi asibiti.

Don haka ban bi tsarin manyan littattafan ilimin cututtuka ba. Su daga ƙwayar halitta suke farawa, yadda take rauni da yadda take mutuwa, tsarin da ya kafu tun 1858 lokacin da Rudolf Virchow, likitan nan na Jamus, ya nuna cewa a ƙwayoyin halitta cuta ke somawa. Ga ɗalibin likita wannan ne daidai. Mai tausa kuwa shafi biyu sun ishe shi a kai. Zan fara da kalmomi, sai kumburi, sai fata tunda ita hannu ke fara tararwa, sai jini da zuciya, ƙashi da jijiyoyin saƙo, a ƙarshe takardar tambayoyi da rubuta rahoto. Duk babin da na gama sai na gwada shi a aji kafin in wuce.

22 ga Janairu

Babin kalmomi ya kammala, mun kuma gwada shi. Na bar guntayen yadda likitoci ke rubuta su, don a haka ɗalibai za su gan su a takarda. Kusan duk daga Girkanci da Latinanci suke, gininsu kuma bai wuce abin da muka sani a nahawu ba: ɗafa-goshi, saiwa, ɗafa-ƙeya. Dabarar dai a fara karatu daga ƙeya. Kalmar da ta ƙare da -itis kumburi take nufi, -algia ciwo, -osis wani yanayi da ya zauna ko lalacewa ta sannu a hankali, -ectomy an yanke an cire. Sai a dawo kan saiwa a ga ina abin yake: myo tsoka, osteo ƙashi, arthro gaɓa, neuro jijiyar saƙo, derma fata, nephro ƙoda, hepato hanta. Na rubuta musu thrombophlebitis a allo, aji ya yi tsit. Da muka yanka ta uku, thrombo gudan jini, phleb jijiyar da ke mayar da jini zuciya, itis kumburi, sai wata ɗaliba ta ce, "Malam, ashe wannan ita ce ƙafar da ba a matsawa." Ita ce kuwa.

Wurare biyu na ja wa layi. Hyper na nufin abu ya haura kima, hypo ya gaza, a baki kusan ɗaya suke, amma ga mai ciwon suga bambancinsu shi ne ko a ba shi abin zaƙi ko kada a ba shi. Sai -oma, wadda ɗalibai ke ɗauka duk inda ta fito sankara ce. Lipoma ƙarin kitse ne mai laushi da ke zamewa a ƙarƙashin yatsa, haematoma jini ne ya taru bayan buguwa, amma lymphoma da melanoma sankara ne sosai. Ƙa'idar da na ba su: duk ƙarin da likita bai taɓa gani ba, ba a murza shi, ba a kuma ce wa mai shi ba komai ba ne.

Dole kuma na tsayar da kalmomin da littafin zai riƙa bi, don mutum zai zo ya ce "jijiya ce ta riƙe ni", jijiyar nan kuwa tana iya zama abu huɗu, kowanne da hukuncinsa. Mai kai ji da umarnin motsi na kira ta jijiyar saƙo, mai ɗaukar jini jijiyar jini, wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi agara, wadda ta ɗaure ƙashi da ƙashi igiyar gaɓa. Hagu da dama kuma, a kowane rahoto, na mai kwance ne, ba na mai tsaye a kansa ba.

4 ga Fabrairu

Babin kumburi ya fi wanda na tsara tsawo, na kuma bar shi haka, don rabin hukuncin mai tausa a nan yake. Na raba shi biyu tun daga farko: kumburi mai zafi, wato martanin jiki ga rauni ko ƙwayar cuta, da kumburin ruwa, wanda ruwa ne kawai ya kwanta.

Alamomin na farkon tsofaffi ne. Celsus, marubucin Rum na ƙarni na farko, ya lissafa huɗu: wurin ya yi ja, ya kumbura, ya yi zafi, yana ciwo. Daga baya aka ƙara ta biyar, wurin ya kasa aikinsa. Ban so su haddace kawai ba, sai na bi musu dalilin kowace. Ƙananan jijiyoyin jini sun buɗe, jini ya ƙaru, shi ne jan da zafin. Bangonsu ya yi sako-sako, ruwa da fararen ƙwayoyin jini sun fito cikin nama, shi ne kumburin. Sinadaran da aka saki sun tsokani bakin jijiyoyin saƙo, shi ne ciwon. Wanda ya fahimci haka ba sai an ce masa kada ya danna wurin ba.

Akwai abin da yawancin hotunan littattafai ba sa taimako a kai: a baƙar fata jan ba ya fitowa ja. Wurin yakan ƙara duhu ne, ko ya yi sheƙi, ko ma ido bai ga komai ba. Na sa ɗalibai su riƙa ɗora bayan hannu a gwiwar dama sannan ta hagu, idon sawu da idon sawu, har hannun ya koyi jin bambancin ɗumi. Bayan hannu ya fi tafi jin wannan, musamman tafin da ya riga ya ɗumama da aiki.

Sai matakan warkewa. Kwanakin farko, kamar uku zuwa biyar, na kumburi ne, ba a taɓa wurin, sai dai a yi aiki nesa da shi. Daga nan zuwa wajen mako uku jiki na saƙa sabon nama, amma saƙar a hargitse take kamar zaren da ya harɗe, ba ta da ƙarfi, ja mai ƙarfi yana iya tsinka ta. Mataki na uku shi ne na gyaran saƙar, yana ɗaukar watanni, wani lokaci har ya haura shekara, kuma a nan ne motsi da tausa suka fi amfani. Tsohuwar shawarar nan ta hutu, ƙanƙara, ɗauri da ɗaga ƙafa, Gabe Mirkin, wani likitan 'yan wasa na Amurka, ne ya tsara ta a 1978, shi da kansa kuma a 2014 ya ce ƙanƙara da cikakken hutu suna iya jinkirta warkewa. A littafin na ce ƙanƙara tana rage ciwo, na tsaya a nan.

Na ƙara sakin layi a kan agara. Ciwon agara da ya daɗe, na diddige ko na gwiwar hannu, an jima ana kiransa da -itis, alhali idan aka duba naman a madubin likita lalacewar zaruruwa ake gani, ƙwayoyin kumburi ba su da yawa. Shi ya sa takardu da dama yanzu -osis ko -opathy suke rubutawa. Ga mai tausa wannan ya canza aiki: na farkon hutu yake so, na biyun ɗora nauyi a hankali yake so, da haɗin kan likitan gashin ƙashi.

Targaɗe mataki uku: igiyar gaɓa ta miƙe, ta yage rabi, ta tsinke. Wanda ba ya iya taka ƙafar ko taku huɗu, ko ƙashin kansa ke ciwo idan an taɓa, hoto yake buƙata.

12 ga Fabrairu

Zane-zanen ba su iso ba. Mai zanen ta aiko da na ƙashin baya kawai, shi ma sai an ƙara girman lambobin. Na ci gaba da rubutu, zan bar musu gurbi.

19 ga Fabrairu

Fata. Tambaya ɗaya na gina babin a kai: ana ɗauka ko ba a ɗauka? Makero wani nau'in naman gwari (fungus) ne ke kawo shi, zagaye yake yi, bakinsa ya taso tsakiyarsa ta yi sumul, ana ɗauka ta fata da tawul. Ƙazwa wata ƙaramar halitta ce ke haƙa rami a fata, ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare, a duba tsakanin yatsu da wuyan hannu, kuma mai ita ba a yi masa tausa sam sai ya gama magani. Maruru ba a matsa shi. Ƙurajen nan masu ruwa da ke jeruwa a ɓari ɗaya na jiki, suna bin layin jijiyar saƙo, ƙwayar ƙaranbau ce ta farka bayan shekaru, ruwansu kuma yana iya sa wa wanda bai taɓa yin ƙaranbau ba. Idan fata ta yi zafi ta kumbura, abin yana faɗaɗa ga zazzaɓi, ƙwayar cuta ta shiga ƙarƙashinta, wannan na asibiti ne ranar nan.

Ɗaya ɓangaren ma na ba shi haƙƙinsa. Psoriasis, eczema da hasken fatar nan da ake kira vitiligo ba a ɗaukarsu, masu su kuma sun gaji da ganin ana janye musu hannu. Muddin fatar ba ta fashe ba, a tambaye su wane mai ke yi musu daidai a ci gaba da aiki.

Mai tausa yana ganin wuraren da mai jikin bai taɓa gani ba: tsakiyar baya, bayan cinya, tafin ƙafa. Don haka na sa alamomin tabon da ake zargi: rabinsa bai yi kama da ɗaya rabin ba, bakinsa ba daidai ba, launinsa ya haɗu, faɗinsa ya wuce milimita 6, ko yana canzawa. A masu baƙar fata sankarar fata ta fi ɓoyewa a tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce. Na rubuta musu jimlar da za su faɗa: "Na ga wani tabo a nan, ko kin san da shi? Zai yi kyau likita ya duba." Kada su ƙara komai a kai.

Wanke hannu da sabulu daƙiƙa 40 zuwa 60, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, da canza zanen gado tsakanin mutum da mutum. Mai zazzaɓin da ya kai digiri 38 a ɗaga masa rana.

3 ga Maris

Wannan shi ne babin da in an ce in ƙona littafin in bar guda, shi zan bari: gudan jini a jijiya mai zurfi ta ƙafa.

Abin da ke kawo shi abu uku ne, ana jingina su ga sunan Virchow ɗin nan: jini ya daina gudu sosai, ko bangon jijiya ya ji rauni, ko jinin ya cika saurin daskarewa. Daga waɗannan ukun ɗalibi zai iya fitar da jerin masu haɗari da kansa, na kuma sa sun fitar a allo: wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, musamman ta ƙugu ko gwiwa, wanda ya daɗe a kwance, mai ƙafa a ɗaure bayan karaya, wanda ya yi tafiyar da ta haura awa 4 a zaune, mai juna biyu da mai jego har mako 6, mai shan maganin tsara iyali mai sinadarin istirojin, mai sankara, da wanda ya taɓa yi a baya.

Haɗarin shi ne gudan ya ɓalle. Zai bi babbar jijiyar ciki ya shiga ɓangaren dama na zuciya, zuciya ta tura shi huhu, can ya toshe hanya. Numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ƙirji ya ɗauki ciwo, wani ya yi tarin jini, wani ya faɗi nan take. Abin da ya sa maganar ta shafe mu fiye da kowa shi ne, mutumin ba ya zuwa yana cewa yana da gudan jini. Cewa yake sha-raɓarsa ta ƙulle tun shekaranjiya, a taimaka a murje masa. Wato ciwon da kansa ne ke turo shi wurin mai tausa.

Alamomin: ƙafa ɗaya ta kumbura ɗayar ba ta yi ba, ta fi ɗumi, tana ciwo can ciki, ba kuma wani rauni ko motsa jiki da ya bayyana dalili. Mun yi aiki da tef ɗin awo. A sauka santimita 10 daga tudun ƙashin da ke ƙasan gwiwa, a auna kewayen ƙafafun biyu. Bambancin da ya haura santimita 3 yana cikin abubuwan da likitoci ke lissafawa a ma'aunin Wells, jerin alamomin da suke kimanta yiwuwar gudan jini da shi. Tsohon gwajin nan na lanƙwasa tafin ƙafa sama a ji ko sha-raɓa za ta yi ciwo ban sa shi ba, ba abin dogaro ba ne, ɗalibin da ya yi shi bai ji komai ba kuma sai ya saki jiki. Gudan jini yana iya kasancewa ba tare da wata alama ba, shi ya sa tambaya ta fi hannu amfani a nan.

Wani ɗalibi ya ce, "Malam, to idan ya nace fa, ya ce shi ya san jikinsa?" Na ce nacinsa ba ya narkar da gudan jini. Amma tambayar ta nuna mini cewa sanin cuta daban, iya ƙin taɓawa daban. Zan dawo kanta.

Kumburin ruwa na sa shi nan: a danna yatsa a ƙauri na ɗan lokaci, in rami ya zauna ruwa ne. Idan ƙafa biyu ne a tuna zuciya, ƙoda da hanta, kuma tura wannan ruwa zuwa zuciyar da ta riga ta gaza ƙarin kaya ne a kanta. Jijiyoyin da suka fito suka murɗe a saman ƙafa a bi gefensu.

14 ga Maris

Hawan jini, suga da magunguna, babi ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙirga hawan jini daga 140/90, likitocin zuciya na Amurka sun sauko da nasu zuwa 130/80 a 2017, don haka ɗalibai za su ga duka biyun. Mai shan maganinsa kuma jinin na zaune, ana yi masa tausa. Wanda ya kai 180/120, balle ga ciwon kai, dishi-dishin gani ko ciwon ƙirji, ba shi da abin yi a kan gadonmu. Abin da ya fi faruwa a zahiri jiri ne lokacin tashi, don haka kowa ya ɗan zauna a bakin gado kafin ya miƙe. Gaban wuya, gefen maƙogwaro, ba a dannawa: akwai wurin da ke auna matsin jini a jikin babbar jijiyar, a matsa shi bugun zuciya ya sauka.

Mai suga da ya daɗe, jin ƙafarsa yakan mutu daga yatsu ya hauro. Tambayar nan tamu ta kullum, "nauyin ya yi daidai?", ba ta aiki a kansa, zai ce daidai ne ko da ana ji masa ciwo, tawul mai zafi ya ƙona shi bai sani ba. A duba tsakanin yatsu da diddige kafin a fara. Inda ya yi allurar insulin ɗazu a bar shi, murzawa na iya hanzarta shigarta jini. Idan suga ya sauka ƙasa da 70 mg/dL a na'urar awo sai rawar jiki, gumi da ruɗewa. In yana cikin hayyacinsa a ba shi abin zaƙi mai saurin narkewa, in ba ya ciki kada a sa masa komai a baki, a kira agaji.

Magunguna uku na fi jaddadawa. Masu tsinka jini irin su wafarin, hannu mai nauyi zai bar tabo ko zubar jini a cikin nama. Sitiroyid na dogon lokaci yana sirantar da fata ya raunana ƙashi. Maganin kashe ciwo kuma yana toshe bakin da zai ce a dakata.

27 ga Maris

Likitar da ke duba mini rubutun ta dawo da babin sankara da jan biro. Tsofaffin takardun koyarwa cewa suke mai sankara ba a taɓa shi, wai tausa tana watsa ta. Babu hujjar da ta tabbatar da haka, asibitocin sankara da dama ma suna da masu tausa. A wannan mun yarda. Inda muka saɓa, ita tana son kowane mai sankara ya kawo izini a rubuce, har wanda ya warke shekaru da yawa. Ni na ga hakan zai mayar da mutane marasa lafiya har abada. Mun tsaya a kan cewa mai karɓar magani yanzu sai da yardar likitansa, wanda ya gama kuma a yi masa tambayoyi: ina ƙarin yake, ya taɓa ƙashi, an gasa wani wuri da haske, an cire kaluluwa? Ta ƙarshen ba ta tsufa. Hannun da aka cire wa kaluluwar hammata yana iya kumbura ko bayan shekaru, tausa mai nauyi ko zafi a kansa haɗari ne. Tausar da aka keɓe don wannan, wadda Emil Vodder ɗan Danmak ya fito da ita a shekarun 1930, horo ne na daban, ba a koyonsa daga sakin layi ɗaya.

Na ƙara rabin shafi na maganganun da nake roƙon su daina faɗi. Tausa ba ta fitar da guba daga jiki, wannan aikin hanta da ƙoda ne. Tsamin jikin da ke zuwa bayan motsa jiki, wanda ke kai ƙololuwa tsakanin awa 24 da 72, ba sinadarin laktik ne ya taru ba, shi cikin kamar awa ɗaya yake washewa. Tausa tana rage ciwo da damuwa, tana sa barci, wannan ya isa abin faɗi.

9 ga Afrilu

Ƙashin baya. Zanen ya iso da lambobi masu karantuwa: 7 na wuya, 12 na ƙirji, 5 na kwankwaso, sai waɗanda suka haɗe a ƙasa. Yanzu in sun ga L4-L5 ko L5-S1 a takarda sun san ƙasan kwankwaso ne, inda faifan guringuntsi ya fi zamewa ya danne jijiyar da ke sauka bayan cinya. Kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon kwankwaso ba a samun wata takamaimiyar cuta a bayansa, kuma waɗannan su ne mutanenmu. Aikin shi ne tsamo sauran: ciwon da ba ya lafawa da dare ko ta yaya aka kwanta, rama ba dalili, zazzaɓi, tarihin sankara, tsohon da ya faɗi. Wanda kuma ya ce mazaunansa da tsakanin cinyoyinsa sun mutu, fitsari ya riƙe ko yana zuba bai sani ba, jijiyoyin ƙarshen laka ne aka danne, awoyi ake ƙirgawa.

Ciwon aro ya ba su mamaki. Zuciya tana aika ciwo hannun hagu da haɓa, matsarmama kafaɗar dama, ƙoda kuiɓi zuwa matsematsi. Kafaɗar da ke ciwo amma motsa ta ko danna ta bai canza komai ba, a yi shakkar cewa ita ce mai ciwon.

Amosanin gaɓɓai na taƙaita. Na zaizayewar guringuntsi sandarewar safensa ba ta cika wuce minti 30 ba. Wanda garkuwar jiki ke kawowa yana kama gaɓɓan ɓari biyu tare, sandarewar ta fi awa, kuma yana iya sassauta haɗin ƙashin wuya na farko da na biyu, don haka ba a ja ko murɗa wuyan mai shi. Gaɓa ɗaya da ta yi zafi ta kumbura dare ɗaya, likita.

23 ga Afrilu

Mun yi gwajin wasan kwaikwayo. Na rubuta labarai a katuna, ɗalibi ɗaya ya zama mai zuwa tausa, ɗaya ya yi tambayoyi ya rubuta rahoto bisa tsarin nan mai gida huɗu da Lawrence Weed, wani likitan Amurka, ya ɓullo da shi a shekarun 1960: abin da mutum ya faɗa, abin da aka gani ko aka taɓa, yadda aka auna lamarin, da abin da za a yi. A gida na uku suka fi zamewa, sai ka ga an rubuta sunan cuta. Na sa sun goge. "Sha-raɓar hagu ta fi ta dama ɗumi da kauri, ban yi tausa ba, na tura asibiti", wannan ne rahoton mai tausa.

Kalmomin sun zauna, mafi yawansu sun kuma gano katin gudan jini. Amma da mai kwaikwayon ya marairaice, "haba 'yar'uwa, ɗan kaɗan kawai, daga nesa na zo", sai wasu suka ce to bari su ɗan shafa sama-sama. Kunya ce, da tsoron kada a ce ba su iya ba. Saboda haka na buɗe sabon babi da bai cikin tsarin farko, a kan yadda ake ƙi: a faɗi abin da aka gani, kada a ambaci cuta, a faɗi inda za a je da kuma yaushe, yau ko cikin mako, a miƙa takarda a hannu. Dattijo da yaro ba lafazi ɗaya ake musu ba, zan rubuta misalan duka.

6 ga Mayu

Babin ƙi ya kai rabi. Saura na masu juna biyu, wanda na tara kayansa: kwanciyar gefen hagu daga wajen mako 20, don mahaifa na danne babbar jijiyar ciki idan aka yi rigingine, da alamomin hawan jinin ciki, wato kumburin fuska da hannu, ciwon kai da canjin gani. Sai na tsofaffi da raunin ƙashi, inda zan bayyana lambar nan ta -2.5 da za su gani a sakamakon awon ƙashi da abin da take nufi ga haƙarƙari. Shanyewar ɓarin jiki zan sa ta a bangon baya da manyan haruffa: fuska ta karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, a rubuta lokacin da abin ya fara, don maganin narkar da gudan jini yana da wa'adin awa 4 da rabi. Jerin kalmomi na ƙarshen littafi sai an gama komai. Likitar ta karɓi babin jini da na ƙashin baya, ta ce a ƙarshen wata zan ji daga gare ta.